Muhawara a kan kalmar “amalgamate”: ma'anarta, yadda ake amfani da ita, da yadda ya kamata a fassara ta

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum, iyayena da malamaina na wannan zaure. An ba mu wani yanki na tarihin mulkin mallaka domin mu juya shi zuwa Hausa, kuma jimlar farko tana cewa “the Northern and Southern Protectorates were amalgamated on 1 January 1914”. Na san labarin da ake bayarwa, wato ranar da Turawan Ingila suka mayar da Arewa da Kudu ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Gwamna Lugga. Abin da nake neman fahimta shi ne dalilin da ya sa kusan kowane littafi yake amfani da “amalgamate” a wannan wuri, alhali ga “join” da “unite” da “merge”, waɗanda duk aka koya mana cewa suna nufin haɗawa. Idan na rubuta “an haɗa” kawai, na cika ma'anar, ko kuwa akwai abin da na zubar?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kalmar “amalgamate” aikatau ce mai gaɓa huɗu, kuma a kan gaɓa ta biyu ake ɗora nauyin furuci. Ma'anarta ta yau da kullum ita ce a ɗauki ƙungiyoyi ko hukumomi ko kamfanoni ko yankunan mulki guda biyu ko fiye, waɗanda kowannensu yake tsaye da ƙafarsa a da, a mayar da su abu guda mai suna ɗaya da shugabanci ɗaya. Kalma ce ta ofis da takardun hukuma, shi ya sa da wuya ki ji Bature ya furta ta a hirar gida.

Tana zuwa a matsayin so-karɓau, kamar a “the government amalgamated the two ministries”, wato gwamnati ta haɗe ma'aikatun biyu. Tana kuma zuwa a matsayin ƙi-karɓau, kamar a “the two unions amalgamated”, wato ƙungiyoyin ƙwadagon biyu sun haɗe da kansu. Idan ana son a ambaci abokin haɗin sai a sa “with”, idan kuma ana son a ambaci sabon abin da aka samar sai a sa “into”. Akwai kuskuren da nake yawan gani a takardun ɗalibai, inda suke rubuta “Lugard amalgamated Nigeria”. Abu ɗaya ba ya karɓar wannan aikatau, dole ne karɓau ya zama jam'i ko kuma a kawo na biyunsa da “with”. Yankuna biyu aka haɗe, Najeriya kuwa ita ce sakamakon. Haka nan ƙara “together” a bayan kalmar maimaici ne, domin ma'anar tana cikinta tun farko.

Bambancinta da 'yan'uwanta kuwa, “join” ta fi kowacce faɗi, ana amfani da ita ga igiya biyu da hanya biyu da mutumin da ya shiga jam'iyya, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a ce masa “amalgamate”. “Unite” tana ɗauke da ƙamshin yarda da manufa ɗaya. “Merge” ce ta fi kusa da ita, har a wurare da yawa ana musanya su ba tare da an yi ɓarna ba.

Barista:
Malam ya yi bayani gamsasshe, sai dai ina so in ƙara abin da muke gani a harkar kamfanoni, domin a nan ne ake ƙoƙarin raba “merge” da “amalgamate”. Littattafan dokar kasuwanci da dama suna koyar da cewa idan kamfanoni suka rushe kansu gaba ɗaya aka kafa sabo da sabon suna, wannan shi ne “amalgamation” na sosai, idan kuwa ɗaya ya ci gaba da rayuwa ya ɗauke dukiya da bashin ɗayan, to ya haɗiye shi ne. Muna da misalan duka biyun a gida. Lokacin da Babban Bankin Najeriya a zamanin Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 a 2004, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. A cikin wannan guguwa ne bankuna tara, har da Bank of the North da iyayenmu suka sani, suka narke suka zama Unity Bank a 2006, suna sabo wanda ba na ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma da Access da Diamond suka haɗu a 2019, sunan Access ne ya tsaya, na Diamond ya ɓace.

Duk da haka ba zan ce wa ɗiyarmu ta riƙe wannan a matsayin ƙa'ida marar togiya ba, domin 'yan jarida “merger” suka kira duka biyun, kuma kowace ƙasa da kalmar da dokarta ta zaɓa. A Kanada “amalgamation” ake cewa har ga ƙananan hukumomi, kamar yadda aka haɗe birnin Toronto da garuruwa biyar na kewayensa a 1998.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ni a ganina an yi nisa da yawa. Kowa ya san abin da aka yi mana a 1914 auren dole ne, babu wanda aka tambaya a Kano ko a Legas ko a Kalaba. Shi kansa Sardauna ya faɗa a zauren majalisa a 1953, lokacin taƙaddamar ƙudirin Anthony Enahoro na neman mulkin kai, cewa kuskuren 1914 ya fito fili. Saboda haka idan ni ne ke fassarar, “haɗin gambiza” zan rubuta, domin ita ce gaskiyar magana, kuma mai karatu ya cancanci a gaya masa gaskiya.

Tsohon Mai Fassara:
Ɗana, ra'ayinka a kan 1914 naka ne, kuma mutane da yawa a Arewa da Kudu suna tare da kai a kansa. Amma aikin da aka ba wannan yarinya fassara ce, kuma mai fassara ɗan aike ne, ba ya ƙara wa saƙo gishirin da mai aiken bai sa ba. “Haɗin gambiza” hukunci ne, yana cewa abubuwan da aka gama ba su dace da juna ba. Kalmar “amalgamate” ba ta yabo kuma ba ta zagi. Wanda yake murna da haɗin da wanda yake baƙin ciki da shi duk ita suke rubutawa, kuma da ita aka yi bikin cika shekara 100 a 2014 a zamanin Shugaba Jonathan.

Ɗiyata, Hausa ba ta gaza a nan ba, sai dai a kasa lura da abin da take da shi. Ki dubi “haɗa” da “haɗe” da “haɗu”. Masana nahawu tun daga F. W. Parsons, wanda ya kasa aikatan Hausa giredi bakwai a 1960, sun nuna cewa sigar da take ƙarewa da wasalin “e” irin wannan tana nuna an yi aikin gaba ɗaya ba a bar saura ba, kamar bambancin “saya” da “saye”, ko “sha” da “shanye”. Idan kika ce “an haɗa su”, yana yiwuwa an jera su ne kawai ko an gama su aiki ɗaya. Idan kika ce “an haɗe su”, an gama magana, sun zama abu guda. Idan kuma kika ce “sun haɗu”, kin mayar da su masu aikin, kamar sun yi shawara sun amince. Jimlarki ta Turanci ta ce “were amalgamated”, wato wani ne ya aikata musu, don haka “an haɗe” ita ce daidai, kuma ki lura cewa wannan “an” ta riga ta ɗauko rabin abin da ɗana yake son a faɗa, ba tare da an zagi kowa ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
Baba, na ji kuma na girmama maganarka. To amma me ya sa ba za a ce “maja” ba, tunda ita kowa ya saba ji a rediyo?

Tsohon Mai Fassara:
“Maja” aro ce daga “merger”, kuma ta yi ƙarfi a bakin mutane ne a 2013, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka kafa APC. Tun daga nan kunnen Bahaushe ya ɗaure ta da siyasar jam'iyyu, inda manya suke zama su yi ciniki su sa hannu. Idan aka ce “majar 1914”, mai karatu zai ɗauka sarakunan Arewa da shugabannin Kudu sun zauna sun daidaita, abin da bai faru ba.

Likitar Haƙori:
Ina neman izinin malamai in shigo da wani gefe, domin mu a asibiti kullum muna tare da uwar wannan kalma. “Amalgam” suna ne na abin da ake samu idan aka cuɗa zaiba da wani ƙarfe. Zaiba ita ce ƙarfen nan mai sheƙi da yake zama ruwa-ruwa ko ba a ɗora shi a wuta ba, kuma tana da halin jiƙa zinare da azurfa da kuza har su narke a cikinta. Abin cike haƙori mai launin toka da mutane da yawa suke da shi a baki shi ne wannan haɗi: kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma garin azurfa da kuza da jan ƙarfe. Idan aka kwaɓa shi yana da laushi a danna shi cikin ramin haƙori, bayan ɗan lokaci sai ya daskare. Yanzu ana ta rage amfani da shi a duniya saboda yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan gubar zaiba.

Daga nan aikatau ɗin ya fito. Tun asali “amalgamate” tana nufin a haɗa ƙarfe da zaiba, daga baya aka ari hoton aka ɗora shi a kan ƙungiyoyi da ƙasashe. Turanci ya samo sunan daga Latin na tsakiyar zamani, harshen masu ilimin kimiyyar da, kuma masu bin asalin kalmomi da yawa suna danganta shi da wata kalmar Girkanci mai nufin abu mai laushi da ake shafawa, wadda suke ganin ta biyo ta hannun Larabawa. Saboda wannan asali nake ganin “narke” ta fi “haɗe” kusa da ruhin kalmar, domin a cikin haɗin ba ka iya nuna azurfa daban, zaiba daban.

Ɗan Anka:
Dakta, abin da kika faɗa haka yake, amma bari in ƙara abin da muke gani da idonmu a wuraren haƙar zinare a nan Zamfara. Bayan an niƙa dutse an wanke garin, masu aikin suna zuba zaiba a ciki su murza, sai ta kama ƙwayoyin zinaren ta bar yashi. A tace a tsumma a matse, a sami ɗan dunƙule mai launin azurfa, wanda shi ne “amalgam” ɗin da kike magana. Daga nan sai a sa masa wuta, zaibar ta tashi ta bi iska, zinaren ya rage shi kaɗai. Hayaƙin nan guba ne ga mai shaƙarsa, kuma dabam yake da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a yankunanmu na Anka da Bukkuyum a 2010, ko da yake mutane kan gama su. Abin da nake so a lura da shi shi ne, haɗin nan ba na har abada ba ne, kuma zinaren bai daina zama zinare ba a cikinsa. Ke nan ko a asalin kalmar ma babu alkawarin cewa abubuwan da aka haɗe sun rasa kamanninsu.

Malamin Turanci:
Wannan bayani na ɗan'uwanmu daga Anka yana da muhimmanci, kuma shi ya sa ban goyi bayan “narke” a jimlar 1914 ba, duk da cewa ta dace da bankunan da Barista ya ambata. Asalin kalma yana haskaka ta, amma ba shi yake mulkin ma'anarta ta yau ba, masu amfani da ita ne suke yi. Mu duba abin da aka haɗe a zahiri a wannan shekara. Arewa ba ta iya ɗaukar nauyin mulkinta da kuɗin shigarta a lokacin, Baitulmalin Ingila yana cika mata gibi duk shekara, alhali Kudu tana da rara daga kuɗin kwastan na tashoshin ruwa, musamman harajin barasar da ake shigowa da ita. Ga kuma layin dogo, wanda ya iso Kano daga Baro a 1911 aka sada shi da layin Legas a 1912, yana buƙatar hukuma guda. An dawo da Lugga daga Hong Kong a 1912 domin wannan aiki, ya zama Gwamna Janar a 1914. Abin da aka mayar ɗaya shi ne asusu da manyan sassa irin su jirgin ƙasa da kwastan da gidan waya da soja.

Sauran kuwa an bar su kusan yadda suke. Kowane ɓangare yana da Mataimakin Gwamna da sakatariyarsa, C. L. Temple a Arewa, A. G. Boyle a Kudu. Dokar ƙasa ta Arewa dabam, tsarin ilimi dabam. Majalisar dokokin da tsarin mulkin Clifford ya kafa a 1922 ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne yake yi da sanarwarsa, kuma sai da tsarin mulkin Richards ya fara aiki a 1947 wakilan Arewa da na Kudu suka zauna a majalisar dokoki ɗaya. Shekara 33 ke nan bayan haɗewar. Wanda ya rubuta cewa Arewa da Kudu sun narke a 1914 ya faɗi abin da ko Lugga bai yi iƙirari ba. Hukumomi biyu aka mayar ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin aikin da kalmar take yi a Turancin ofis. An ma taɓa yin irinsa a 1906, lokacin da aka haɗe Legas da yankin Kudu, kuma wannan kalmar aka yi amfani da ita.

Likitar Haƙori:
Na fahimci hujjar Malam game da 1914. Amma har yanzu ina riƙe da cewa idan aka yi amfani da kalmar ga al'adu ko salon waƙa ko harshe, kamar a ce wani abu “amalgam” ne na al'adu biyu, to “gauraye” ko “cakuɗa” ko “narke” su ne fassarar, “haɗe” ba za ta wadatar ba.

Malamin Turanci:
A wannan muna tare, Dakta. Sunaye biyu ne suka fito daga tushen, kuma sun raba aiki. “Amalgamation” ita ce aikin haɗe hukumomi ko sakamakonsa, “amalgam” kuma ita ake ara idan ana nufin gauraye, kamar fura da nono bayan an dama. Akwai kuma wata tsohuwar ma'ana da mai karanta tarihin Amurka zai ci karo da ita: a ƙarni na 19 suna amfani da “amalgamation” wajen nufin auratayya tsakanin baƙaƙe da farare, yawanci da nufin ƙyama. Wannan ma'ana ta mutu, amma tana nan a tsofaffin takardu.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga malamai daga wannan gefen iyaka. Ina so in ja hankalin 'yan'uwa da suka yi karatu da Faransanci, domin kalmar tana da tarko a gare mu. A Faransanci idan aka ce mutum ya yi “amalgame”, galibi ana nufin ya gama abubuwan da ba ɗaya ba ne da gangan ko da kuskure, misali ya ɗora laifin mutum guda a kan al'umma baki ɗaya. Zargi ne, kuma 'yan siyasa suna yawan furta shi. Idan ana maganar haɗe kamfanoni ko ƙananan hukumomi kuwa, “fusion” ake cewa. Saboda haka ɗalibin Nijar da ya ga “amalgamation of 1914” yana iya ɗauka cewa marubucin yana sukar abin ne, alhali a Turanci babu wannan ma'ana ta zargi. Wanda yake son faɗin haka da Turanci “conflate” zai nema.

Barista:
Ga wanda yake son ya ga kalmar tana aiki a ƙasa, ya duba sunayen ƙungiyoyi, inda take zuwa a sigar “amalgamated” a gaba. A Ingila ta samu gindin zama tun 1851, lokacin da ƙananan ƙungiyoyin maƙera injuna suka dunƙule suka kafa Amalgamated Society of Engineers. A Filato an taɓa yin wani kamfanin haƙar kuza mai suna Amalgamated Tin Mines of Nigeria. Harafin farko na ACOMORAN, ƙungiyar 'yan acaɓa, wannan kalma ce, haka kuma ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci da ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki a farkon 2021 da ita sunanta ya fara. A duk waɗannan, fassarar da kunne ya saba da ita ita ce “haɗaɗɗiyar ƙungiya” ko “gamayyar ƙungiyoyi”. Ni na fi son ta farko, domin “gamayya” tana iya nufin kowace ƙungiya tana nan da shugabanninta, sun dai kafa inuwa ɗaya, wanda ya fi kusa da “coalition” ko “federation”.

Ɗalibar Tarihi:
Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ƙara ilimi. Ga abin da na rubuta: “A ranar 1 ga Janairu, 1914 aka haɗe yankin Arewa da yankin Kudu, waɗanda Ingila take riƙe da su, suka koma ƙarƙashin gwamnati ɗaya.” Saura kan babin, wanda yake cewa “The Amalgamation of 1914”. Ina tunanin in sa “Haɗewar Arewa da Kudu a 1914”, kamar yadda nake gani a jaridu. Baba, ya yi?

Tsohon Mai Fassara:
Jimlar ta yi, ɗiyata, kuma ƙarin da kika yi na “ƙarƙashin gwamnati ɗaya” bai fita daga ma'anar aikatau ɗin ba. Kan babin ma ba kuskure ba ne, kowa zai gane shi, kuma shi ya fi yawo. Sai dai “haɗewar Arewa da Kudu” tana karɓar fahimta biyu, domin mai karatu yana iya jin cewa su ne suka haɗe da kansu, kamar yadda ake cewa haɗewar jam'iyyu. Tunda littafin tarihi ne, kuma babin gaba ɗaya yana bayanin shawarar da aka yanke tsakanin Lugga da Sakataren Mulkin Mallaka Lewis Harcourt a Landan, ni zan rubuta “Yadda Aka Haɗe Arewa da Kudu a 1914”. Idan malaminki ya fi son gajeren kai, ki bar na farkon, amma ki tabbata jimlar da ta biyo baya ta ambaci wanda ya yi haɗin.